Taƙi Ɗaya na Waya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da rigar jikina ta ba da shaida a kaina ba, a gaban mutum sama da ashirin, ni kuwa bakina gum. Rigar tana nan har yau a ƙasan akwati. Yadi ne mai kyau, ruwan toka da siraran ratsin ja, ni na zaɓa, ni na ɗinka, na kuma sa ta sau ɗaya tak. Matata ta sha tambayata ko a ba wa wani, sai in ce ta bar ta tukuna.

Ni tela ne a Gumel, kuma ba yabon kai ba, na iya aikina. Samari kan zo su ce in ɗame musu wando, sai in ajiye tef in tambaye su, "Da shi za ka yi ruku'u? Da shi za ka hau babur?" Duk wanda na auna sai na ƙara masa yatsa biyu na rara, ko ya so ko bai so ba, domin a tsaye ake auna mutum amma ba a tsaye yake wuni ba. (Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo ta same ni.) Sai dai ina da wata cuta da har yau ban samo maganinta ba: ba na iya ganin zare yana lilo in ƙyale shi. Kullum akwai ɗan almakashi a aljihuna. Na taɓa yanke zare a hannun rigar wani bawan Allah a cikin adaidaita sahu, ban san shi ba bai san ni ba, ya juyo a firgice ya dafe aljihu. A masallaci ma in na hango zare a bayan rigar na gabana, Allah ya yafe mini, rabin hankalina a can yake har a yi sallama.

Yaya Sabi'u shi ne babba a ɗakinmu, ni ne auta. Shekara goma sha tara ya yi yana jan babbar mota. Ranar Alhamis a loda masa shanu a kasuwar Maigatari ya nufi kudu, ya dawo da doya da manja da labarai. Shi ya kama hannuna ya kai ni wajen koyon ɗinki. Daga baya motar ta kife da shi a wata tafiya. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙafar dama ta tashi daga aiki, ba ta iya taka birki, shi kansa sai da sanda. Ya tattara iyalinsa ya koma gidanmu na Ɗanzomo, kusa da Inna. Mutumin da a da sai an yi sa'a ake ganinsa a gari, ya zama kullum yana gindin darbejiyar ƙofar gida yana amsa sannu.

A gindin bishiyar nan ya fara ƙera motar. Da farko mun ɗauka rage zaman banza ne kawai. Gwangwanin madara, guntayen katako, ƙarafan tsohuwar lema da ya lanƙwasa ya yi mata sifirin, har fenti da rubutun goshi irin na motarsa ta da. Inci talatin da biyu ce daga kai zuwa gindi (na auna mana). Wani abokinsa direba ya riƙa kawo masa kayan cikin motocin wasa da suka lalace daga Kano, shi kuma yana kallon bidiyon yadda ake haɗa su yana gwadawa. Damina biyu ya yi a kanta. Ranar da ta fara tafiya da rimot, Inna ta fito da ludayi a hannu tana salati.

Ana haka sai aka ji wata cibiyar koyon sana'a da ake ginawa a bayan garin Gumel tana neman wanda zai koya wa matasa ƙere-ƙere. Ba takarda suke nema ba, cewa suka yi kowa ya zo ya nuna abin da hannunsa ya iya. Aka tace aka tace, har ya rage mutum biyu: Yaya, da wani mutumin garin Sule Tankarkar da ya ƙera injin ɓarar gyaɗa. Aka sa musu ranar Asabar.

Saura kwana uku Yaya ya zo shagona da motar a cikin kwali. Yana so in ɗinka mata tamfol da ƙananan buhuna a cika su da riɗi, ta fito da lodi kamar mota ta gaske. Ya zauna a benci ya miƙe ƙafar nan, ya daɗe yana kallon titi, sannan ya ce, "Auta, ba albashin ne ya dame ni ba. So nake in tashi da safe in yi wanka in sa hula, a tambaye ni ina zan je, ya zama ina da amsa."

Ban taɓa jin ya yi irin wannan maganar ba. Na ce in Allah ya yarda aikin nasa ne.

Da zai tafi ya nuna ni da sanda. "Tamfol da buhu. Shi ke nan. Na san halinka, kada ka taɓa mata komai."

"Haba Yaya, me zan taɓa? Ni makanike ne?"

Ko awa ɗaya bai yi da fita ba na kifa motar a kan tebur, ina neman inda zan ɗaura igiyoyin tamfol. A nan na gan ta. A jikin ƙarfen da ke riƙe da tayoyin gaba akwai wani ɗan baƙin akwati da bai fi kwalin ashana girma ba, Yaya yana ce masa sarbo, shi ke juya tayoyin dama da hagu in an murza sitiyari a rimot. Daga jikinsa wata siririyar wayar lantarki ta fito, sili uku a manne, ruwan ƙasa da ja da ruwan ɗorawa, ta tafi wajen risiba, wato abin da ke karɓar umarnin rimot, a bayan kujerar direba. Tsakanin sarbo da risiba bai fi inci huɗu ba. Amma wayar nan ta kai inci goma sha biyu. Ta yi wani lanƙwaso a ƙarƙashin mota tana reto, ba ɗauri ba komai.

Na mayar da motar kan ƙafafunta na ce ba ruwana. Na yanka tamfol. Na ɗinka buhu goma sha biyu. Na je gida na ci abinci. Wallahi duk lomar da na kai baki wayar nan nake gani tana reto.

Washegari na fara yi wa kaina huɗuba. Na ce idan ta maƙale a dutse fa? Idan alƙalan suka leƙa ƙasa suka ga wannan ƙazantar fa? Yaya direba ne, ya san inji, amma gama aiki tsaf ai fannina ne. Kuma ni nake gyara wayar dutsen gugata, ni nake gyara ta keken surfani, wace waya ce kuma za ta gagare ni? Kafin azahar na gama gamsar da kaina cewa in na bar wayar nan haka, na ci amanar zumunci.

Na yi aikin kamar yadda gwani yake yi, a ganina. Na tsayar da motar a kan tebur, tayoyinta huɗu a ƙasa, na zura tef na auna daga sarbo zuwa risiba. Na cire taƙi ɗaya cif daga tsakiyar wayar. Na leƙa shagon maƙwabcina mai gyaran rediyo na ari ƙarfen liƙi da dalma. Ya dubi motar ya dube ni ya ce, "Mai ita ya sani?" Na ce, "Kyautata masa zan yi, ba sai ya sani ba." Na haɗa ja da ja, ruwan ƙasa da ruwan ƙasa, ɗorawa da ɗorawa, na liƙe, na naɗe kowanne da salatif. Haɗin ya yi ƙarfi, wannan kam ko a lahira zan faɗa. Sai dai baƙin salatif ɗin ya yi muni a idona. Na waiga na ga ragowar yadin sabuwar rigar da na ɗinka wa kaina don ranar Asabar. Na yanko siririn ƙyalle na ɗinka wa wayar riga, na bi ta da layi biyu, na mayar da filoginta cikin risiba. Ta miƙe sambal, babu ko lanƙwasa.

Na kunna rimot na gwada ta a simintin shago. Dama, ta yi dama. Hagu, ta yi hagu. Na zauna ina kallonta ina jin daɗin kaina. Har na tsara yadda bayan an ba shi aikin zan kifa motar in nuna masa, shi kuma ya ce, "Kai Auta, Allah ya yi maka albarka."

Asabar da hantsi muka isa cibiyar, ni cikin sabuwar riga, Yaya cikin farar shaddarsa ta zuwa Juma'a. Ginin bai ƙare ba. A tsakar filin akwai tulin yashi da tsakuwa, a gefensa wani rami da aka shafe da siminti aka cika da ruwa, masu buga bulo suna ɗiba. Alƙalai uku ne a baranda, shugabansu wani dattijo mai tabarau da kowa ke ce wa Injiniya. Mutumin Sule Tankarkar ya fara. Ya zuba gyaɗa ya murza, ƙwaya ta fito gefe, ɓawo gefe. Aiki mai kyau, amma ba wanda ya tashi daga kujera.

Da Yaya ya sauke motarsa a baranda, da lodinta da tamfol, sai wuri ya canza. Ya jingina sanda da bango ya riƙe rimot da hannu biyu. Ya zagaya da ita ƙafafun tebur. Ya sa aka jera kujeru biyu, ya shigar da ita tsakaninsu da baya, a hankali, yadda yake shiga layin lodi a Maigatari, ko gogar kujera ba ta yi ba. Masu buga bulo suka ajiye shebur suka matso. Aka yi tafi. Ni kuwa ina gefe na buɗe ƙirji, duk wanda muka haɗa ido sai in ce masa, "Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ka ga tamfol ɗin nan? Aikina ne." (Ba wanda ya tambaye ni.)

Injiniya ya gyara tabarau ya ce, "Malam Sabi'u, a kan siminti ai kowace mota gwana ce. Za ta iya irin hanyoyinmu kuwa?"

Yaya ya yi wani murmushi da rabon da in ga irinsa tun kafin hatsarin. "Ranka ya daɗe, ai don hanyar ƙauye aka yi ta. Sifirin ɗinta za ka gani. Zan hau da ita tulin can, in gangaro, in karya hagu kafin ramin ruwa, in kawo ta gabanka."

Aka sauke ta ƙasa. Ta kama yashi ta fara hawa, tana gurnani, tana watso ƙasa ta baya. A kan tsakuwa tayoyin gaba suka riƙa hawa da sauka, wannan ya ɗaga wancan ya nutse, bodin kuwa yana nan daram. Injiniya ya miƙe tsaye. Abin da ban taɓa lura da shi ba ke nan a kan tebur: ƙarfen tayoyin gaba ba a kafe yake ba, motsi yake yi, kuma sarbo a jikinsa yake. Ina cikin wannan tunanin motar ta kai ƙololuwa. Kanta ya leƙa ɗaya gefen, tayoyin gaba suka sauka ƙasa iyakar sakin sifirin. A nan na tuna da taƙin da na cire.

Ta fara gangarowa. Na ga yatsan Yaya ya murza hagu. Motar ta miƙe. Ya sake murzawa har ƙarshe. Ta miƙe. Ya ja birki, tayoyin baya suka tsaya, amma ga gangara, ga yashi, ga buhu goma sha biyu na riɗi da na cika su dam don su yi kyau. Ta sulale a hankali, kowa yana kallo, ta kai bakin ramin, ta ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ta faɗa, tsulum. Fitilunta biyu sun ɗan jima suna haske a ƙarƙashin ruwa kafin su mutu.

Yaya ya manta ba shi da ƙafa. Ya zabura zai ruga, bai kai taku biyu ba ya durƙushe a cikin yashi da farar shaddarsa. Wannan faɗuwar ita ce abin da har yau in na tuna nake jin kamar in tsage ƙasa in shige. Na ɗaga shi na miƙa masa sanda. Wani mai buga bulo ya naɗe wando ya tsamo motar, ruwa yana zuba ta ko'ina. Tamfol ɗina kuwa ko gezau, igiya ɗaya ba ta kwance ba.

Injiniya mutumin kirki ne. Ya ce a ɗora ta a tebur a ga abin da ya faru, ai gano matsala ma yana cikin aikin malami. Yaya ya kifa ta. Ya zura yatsa biyu ya zaro wayar sarbo, filoginta a fizge yana lilo. Ya ɗaga ta sama. Gajeriya, tsaf-tsaf, sanye da riga ruwan toka mai siraran ratsin ja, an bi ta da layi biyu.

Injiniya ya dubi wayar ta saman tabarau, ya dubi rigata, ya sake duban wayar. Sauran alƙalan ma haka. Sai mai buga bulon nan, da wandonsa a jiƙe, ya ce da ƙarfi, "Kai jama'a! Har wayar ma an yi mata anko da Malam!"

Aka kwashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, abin ne ya zo musu a ba-zata, amma ni ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Na naɗe hannuwa a ƙirji, wai ko zan rage yawan yadin da ake gani.

Injiniya ya jira aka lafa, sannan ya ce, "Wannan wayar ba ta da rara ko kaɗan. Dole ta fizge in tayoyin suka sauka. Wa ya auna ta?"

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Kalma nawa ce? Ni ne, ranka ya daɗe, bai sani ba, ya ma hana ni taɓawa. Na tsaya ina duban takalmina. Sai na ji muryar Yaya, a natse, bai ko kalle ni ba.

"Motata ce, ranka ya daɗe. Ni ne ban duba ƙarƙashinta ba kafin in tashi."

Risiba ta sha ruwa, ba yadda za a sake gwaji. Aka yi mana godiya, aka ce za a neme mu.

A cikin adaidaita sahun da ya kai mu tasha, kwalin yana kan cinyata yana ɗiga a sabuwar riga. Yaya yana ta kallon hanya. Na gwammace ya zage ni, ko ya ɗaga sandar nan ya sauke mini. Can ya ce, "Auta, da ka auna ta, a tsaye take ko a tafe?"

"A tsaye, Yaya. A kan tebur."

"Kai da kake hana samari ɗamammen wando."

Na ce, "Yaya ka yafe mini, don Allah."

"Sau uku tana fizge mini a Ɗanzomo kafin in gane in bar mata wannan tsawon," ya ce. "Da ka tambaye ni da na gaya maka." Sannan ya miƙo tafin hannu. "Ina ragowar? Ko ita ma ta bi sauran ƙyallayen mutane? Ku teloli ba ku mayar da ƙyalle."

Ya ɗan yi dariya. Ni hawaye ne suka zubo mini, da gemuna da komai, mai adaidaita yana leƙena ta madubi.

Ranar Litinin na rufe shago na koma cibiyar ni kaɗai, cikin tsohuwar riga. Na faɗa wa Injiniya komai. Ya saurare ni har ƙarshe ya ce, "Ai tun a ranar na gane, rigarka ta riga ka faɗa. Da a lokacin ka yi magana a gaban sauran, da na sami abin riƙewa in ce a sake ba shi rana. Amma shi da bakinsa ya ce bai duba ba, aka rubuta haka, aka sa hannu." Mutumin Sule Tankarkar aka ɗauka. Na ji an ce yana koyarwa da kyau, Allah ya taimake shi, ba shi da laifin komai.

Na sa an kawo wata risibar daga Kano na kai wa Yaya, tare da taƙin wayar da na cire, na naɗe shi a takarda. Ya karɓa ya yi godiya ya zuba a aljihu. Har yau bai haɗa ba. Motar tana saman kwabar Inna, a lulluɓe da tamfol ɗina. Da kaka yakan je ya taya wani awon riɗi a bakin kasuwa, sauran watannin kuma yana gindin darbejiya. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi komai yi mini nauyi.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, yaro ma ya san shi: in ka ga abu yana lilo a kayan da wani ya yi damina biyu yana haɗawa, akwai yiwuwar ya fi ka ganinsa, ka tambaya kafin ka zaro almakashi. In kuma ka riga ka yanka, ka faɗa tun ana tambaya. Ni sai da na kai shekara arba'in, na kuma jawo wa yayana asarar aiki, sannan na haddace.

Cutar kuwa ba ta warke ba, ɓoye ta nake yi. Watan jiya na je Ɗanzomo gaida Inna, na zauna kusa da Yaya a kan tabarma. Yana miƙo mini kofin shayi sai na ga zare, dogo, fari, yana reto a bakin hannun rigarsa. Na kawar da kai. Na sake dubawa. Na tura hannuna na dama ƙarƙashin cinya na danne shi. Ashe duk yana kallona. Ya ɗaga hannun ya dubi zaren, ya dube ni, ya gyara zaman ƙafarsa.

"Bar shi, Auta," ya ce. "Ba ka san aikin da yake yi ba."

Zaren yana nan na bar shi, har na hau mota.